Jif ɗin da Ta Ƙi Yin Zafi

Nassarawa GRA, Kano
Alhamis, 3 ga Afrilu, 2003

Zuwa ga yayan Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maigidanka Oga Cornelius da iyalinsa. Da hannuna na rubuta wannan, ban kai wa kowa ya rubuta mini ba, don maganar ba ta kunnen wani ba ce.

An ɗaure ƙaninka. Tun jiya da hantsi yana ɗakin janareta a bayan gidan Alhaji.

Ka san tun da aka fara yawon neman ƙuri'a shi ke jan babbar jif ɗin. Wata biyu ke nan tana shan mai kamar an huda tankin. A cika ta da safe, kafin la'asar ta bushe, alhali sauran motocin ayarin suna da rabi. Ga mai ya yi wuya a gari, sai wajen 'yan bumburutu. Shekaranjiya ta mutu musu a hanya, dab da wani ƙauye na 'yan hamayya. Aka yi musu ruwan duwatsu, aka fasa gilashin baya, dutse ya sami Alhaji a kafaɗa, hularsa ta faɗa kwata, mutane suna ihu suna dariya.

Da gari ya waye sai Ja'afaru, shugaban 'yan jagaliyar nan masu gora da adda da ke zama a rumfar ƙofa, ya ce ya gano bakin zaren. Wai Ƙasimu ne ke zuƙe man yana sayarwa. Hujjarsa wani guntun tiyo da ya gani a but, wanda kowa ya san na wankin mota ne.

Ina kicin ina soya albasa na ji muryarsa. Kafin in fito su biyar sun kwantar da shi a tsakar gida. Suka ɗora hannunsa na dama a kan bulo. Ja'afaru ya ce, "Wannan ne mai riƙe tiyon, ko na hagun?" Bai jira amsa ba ya sauke gora. Sau uku. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Na faɗi na riƙe ƙafarsa, ya hankaɗe ni ya ce, "Tsohuwa, koma kan tukunyarki kar miyar oga ta ƙone." Ɗan sandan da ke gadin ƙofa ya ƙara muryar rediyonsa. Daga nan suka ja shi, suka ɗaure wannan hannun da wayar lantarki a jikin ƙarfen taga.

Na roƙi Hajiya, ta ce ita ba ta shiga harkar maza. Na durƙusa wa Alhaji a bakin falo. Ya ce, "Zulaiha, shekara tara kina dafa mana, ba ni da matsala da ke. Amma yanzu zamanin shari'a ne. Bayan zaɓe zan kai shi gaban alƙali a cire hannun, kowa ya ga ko a gidana ba na ɓoye ɓarawo."

Ƙasimu ya rantse mini bai taɓa ɗiban ko cokali ba. Na yarda da shi.

Kada ka zo. Ja'afaru bai manta ba kai ne ka jona wa motar kwamfuta da Ƙaramar Sallah. Yana cewa ku biyu kuka ƙulla, kuma ranar da ka tako Kano taga biyu ce a ɗakin. Na hana ka, ban yafe ba idan ka zo. Abin da nake so ka gaya mini shi ne inda man yake tafiya, tunda kai ka san kan motar. Malam Jibrin mai gadi zai kai wannan takardar tashar motar Legas a Sabon Gari. Ka maido amsa ta hannun direban.

Allah ya tsare ka.
Mahaifiyarku, Zulaiha

*

Agege, Legas
Juma'a, 4 ga Afrilu

Inna,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki, na kuma gaishe ki da wannan tashin hankali. Na karanta takardarki a tsaye a tasha. Da ba don kin ɗora mini rantsuwa ba, da ni za ki gani ba takarda ba, kuma da ni da Ja'afaru ɗaya ba zai ƙara cin tuwo ba. Oga Cornelius ya ƙwace jakata ya kulle a ofis, ya ce in zauna in yi tunani da kai. To na yi.

Ki karanta a hankali, ko sau uku ne.

Wannan jif ba irin motocin da ba ce masu kafireto. Tana da ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwati a ƙarƙashin kujera, shi ke auna man da za a ba injin. An ƙera ta don ƙasar sanyi. Idan an tashe ta injin yana sanyi, ƙwaƙwalwar ba ta tambayar kowa, zuba mai kawai take yi da yawa don injin ya ɗumama. Sai ruwan lagireto ya kai wani zafi da aka rubuta mata, sannan ta fara sauraron wani ɗan ƙarfe da ke cikin salansa yana shinshinar hayaƙi. Shi ke ce mata mai ya yi yawa, rage, ko ya yi kaɗan, ƙara. Daga nan take shan daidai cikinta. Kamar ke ce da tukunya: kafin ta tafasa kina tura itace, in ta tafasa sai ki janye, ki riƙa ɗanɗanawa.

Ga laifina. Da Sallah motar tana fizga da safe, saboda ɗan ƙarfen salansar ya tsufa, ba ya gane komai sai ya yi zafi sosai. Maimakon in ce a sayi sabo, sai na shiga ƙwaƙwalwar da kwamfuta na ɗaga lambar zafin da take jira. A da digiri hamsin take jira, na mayar da ita saba'in da biyar. Fizgar ta daina, Alhaji ya yaba mini. Ban ga haɗari ba, don lafiyayyen inji yana wuce tamanin cikin minti goma.

Sai dai idan wani ya hana shi yin zafi. Inna, ki tambayi Ƙasimu abu uku. Allurar zafi da ke gaban sitiyari, tana hawa tsakiya ko tana kwance a ƙasa? Fankar lagireto, tana jira injin ya yi zafi, ko da an murɗa makulli take tashi? Hayaƙin baƙi ne? Idan allura tana kwance kuma fanka ba ta hutawa, to wani makanike ya cire tamosta, wato ɗan murfin da ke tsare ruwa har ya yi zafi, ya kuma haɗa fankar kai tsaye. Haka makanikanmu ke yi wa kowace 'yar Beljiyam, wai ƙasarmu da zafi. In haka ne, motar tana can tana jiran saba'in da biyar da ba zai zo ba, tana ta kwarara mai tun safe har yamma.

Amma na ja wa Ƙasimu kunne kada kowa ya taɓa ta. Alhaji ma ya hana. To wa ya taɓa?

Ki roƙe su su sassauta wayar. Ki duba launin farcensa ki gaya mini.

Ɗanki, Shu'aibu

*

Nassarawa GRA
Lahadi, 6 ga Afrilu

Yayan Ƙasimu,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso jiya, na karanta ta sau biyar a bayan kicin.

Ba sai na tambaye shi ba. Ni ce.

Ka tuna Nura, ɗan Luba maƙwabciyarmu ta Gama, direban wani ɗan takara? A watan Fabrairu motarsa ta tafasa a tsakiyar taro, ayari ya wuce ya bar shi, 'yan ɗaya ɓangaren suka sare shi a ka da barandami. Har yau ba ya gane uwarsa. Tun ranar da na je dubiya na kasa cin abinci. Direbobin layinmu duk suka ce maganin abin a cire wannan murfin, mota ba za ta ƙara zafi ba har abada. Na sa Ƙasimu a gaba. Ya ce yaya ya hana. Na ce yayanka ne ya haife ka ko ni? Na yi kwana uku ba na amsa gaisuwarsa. Ranar na huɗu ya kai ta garejin Bala a Kaura Goje a ɓoye. Da ya dawo har kirana ya yi in leƙa in ga allurar tana kwance, ya ce, "Inna, ga ta nan, sanyi ƙalau, sai ki yi barci." Na yi ta sa masa albarka.

Shi ya sa duk dukan da suke masa bai ambaci gareji ba. Jiya da rana sun sake shiga da bulalar roba, suna tambayarsa wa yake sayar wa. Da na kai masa kunu na ce zan faɗa. Ya ce, "In kin faɗa, Bala za su kashe, ke kuma su kore ki, ni kuma ba za su kwance ni ba." Leɓensa ya fashe, da cokali na ba shi.

Ka ce in duba farcen. Hannun ya kumbura har wayar ta nutse a cikin naman. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ya ce sun daina ciwo, yana murna. Ni ban yi murna ba. Na roƙi Ja'afaru ya sassauta, ya ce, "Hannun da za a cire, mene ne na lallaɓa shi?" Yaransa suka bushe da dariya.

Na je wurin limamin masallacin Badawa. Ya ce shari'a ba ta yanke hannun wanda aka ba amanar abu, kuma ba a yanke komai sai da shaidu a gaban alƙali, abin da ake yi a gidan nan zalunci ne tsagwaronsa. Ya zo da kansa. Suka ce Alhaji yana ganawa, ya zauna a benci har azahar ya tafi. Ka ga inda na kai: ni ce yau nake roƙon a kai ɗana kotu, ana hana ni.

Daga can na wuce wurin Bala. Da farko ya ce bai san motar ba. Da na karanta masa takardarka sai ya ce, "Baba, shekara ashirin ina cire abin nan, ba wanda ya taɓa dawo mini. Yaran kwamfutar nan sun fiye iyayi." Na ce ya ba ni murfin. Ya nuna mini kwatar bayan garejin. Ya aika Ƙofar Ruwa, aka ce ba a ajiye irinsa, tunda ba mai saye, kowa zubarwa yake.

Ka gaya mini abin yi. Zaɓen farko Asabar ne, hannun nan ba zai kai Asabar ba.

Allah ya yafe mini.
Zulaiha

*

Agege
Litinin, 7 ga Afrilu

Inna,

Ina gaishe ki. Ki bar maganar laifi. Da ban ɗaga lambar ba, ko an cire murfin da ba ta sha haka ba. Rabi naki, rabi nawa, Ƙasimu ba shi da ko ɗaya.

Hanya biyu ce. Ko a sauke lambar, wannan sai da kwamfuta, kin kuma hana ni zuwa. Ko a bar injin ya kai lambar. Ga tamosta nan cikin ƙunshin, Oga Cornelius ne ya ciro daga motarsa da hannunsa, iri ɗaya ne. Ya ce a gaya miki matarsa Tamar tana yi wa Ƙasimu addu'a.

Dole a yi a gaban Alhaji, da idonsa. Kafin a taɓa komai, a tashi motar, ki kara farin ƙyalle a bakin salansa ki nuna masa. Sannan Bala ya mayar da murfin, ya cire wayar da ya haɗa wa fanka, ya mayar da ta asali. A sake tashi, a jira.

Ki riƙe wannan da kyau: allurar za ta hau. Za su ce mota za ta ƙone. Kada ki bari a kashe. Tsakiya shi ne mazauninta. Idan ta kai tsakiya, fanka za ta tashi da kanta, ƙarar injin ta sauka, warin mai ya ɗauke. Sai ki kara wani ƙyallen.

Ki ce wa Bala in ya ƙi zuwa, ni zan rubuta wa Alhaji sunansa da na garejinsa.

Baƙin yatsun nan ba alheri ba ne. Ana kwance shi, asibiti, kada ki tsaya wurin mai ɗori.

Shu'aibu

*

Nassarawa GRA
Alhamis, 10 ga Afrilu

Yayan Ƙasimu,

Assalamu alaikum. An kwance shi. Bari in gaya maka yadda aka yi.

Ƙunshin ya iso Talata da yamma. Jiya da sassafe na je na zauna a ƙofar garejin Bala, na ce ba zan tashi ba. Ya biyo ni gidan Alhaji yana ta salati, da akwatin sifanansa.

Na tare Alhaji yana fitowa zai shiga ƙaramar mota. Na faɗi komai a gaban kowa, na ce ni na sa. Ban rufe baki ba Ja'afaru ya kwaɗa mini mari, ɗankunnena ya tsinke, na ji gishiri a bakina. Ya juya kan Bala da gindin adda, haƙora biyu suka zube a kan siminti. Malam Jibrin, tsoho da shi, ya shiga tsakani ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka bari aka kashe makaniken, wa zai gyara maka motar kafin Asabar?" Wannan ce kaɗai ta shiga kunnen Alhaji. Ya duba agogo ya ce ya ba mu rabin awa.

Aka tashi jif. Na kara ƙyallen tatar koko a salansa. Kafin in ƙirga ashirin ya koma kamar gindin tukunya. Alhaji ya karɓa ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wannan ai ɗanyen fetur ne."

Bala ya yi aikin jini yana ɗiga a kan injin, sau biyu sifana tana faɗuwa. Da ya gama, Ja'afaru ya sa aka jawo Ƙasimu da wayar a hannunsa, aka durƙusar da shi a gaban motar, aka sake ɗora hannun a kan bulo. Ya zare adda ya ce, "Oga, wallahi ƙona maka mota za su yi. In ta tafasa, ba sai an wahalar da alƙali ba."

Aka tashi. Allurar ta fara ɗagawa. Sabon direban da aka kawo ya leƙo ya ce, "Tana hawa fa!" Yaran suka matso da gorori. Ta wuce kwata. Direban ya kai hannu zai kashe, na riƙe makullin da hannu biyu. Bala da kansa ya ce, "Baba, a kashe, fanka ba ta juyawa, gaskit zai ƙone, injin ya lalace!" Na ce ba za a kashe ba. Na saki hannu ɗaya na ɗaga takardarka ina karantawa da ƙarfi, tsakiya shi ne mazauninta, tsakiya shi ne mazauninta, har muryata ta dishe. Wani ya buga mini gora a baya, ban saki ba. Ina kallon addar ta gilashi, tana sama.

Allurar ta kai tsakiya ta tsaya. Ba abin da ya motsa. Ban san tsawon lokacin ba. Sai muka ji fanka ta tashi, fuu, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Ƙarar injin ta kwanta. Fankar ta yi ɗan jim ta tsaya, allurar ba ta gusa ba.

Malam Jibrin ne ya kara ɗaya ƙyallen. Ya fito fari, sai ɗan danshi.

Alhaji bai yarda nan take ba. Ya sa aka cika tanki, aka je Wudil aka dawo, Ja'afaru yana kujerar gaba. Duk tsawon lokacin Ƙasimu yana durƙushe a rana. Da suka dawo allurar mai ko kwata ba ta sauka ba. Alhaji ya kalli allurar, ya kalli ƙyallayen biyu, ya ce, "Ikon Allah. Ashe. To a kwance shi." Sannan ya juya wurin Bala ya ce motoci shida ne a ayarin, duk an cire musu abin nan, zai iya mayarwa kafin Asabar?

Wayar ba ta kwantu ba, sai da filaya aka yanke ta, ta fito da fata. Ja'afaru ya dafa kafaɗar Ƙasimu ya ce, "Ka yi haƙuri, abokina, aiki ne." Hajiya ta aiko a tambaye ni ko na ɗora abincin rana.

A bayan a-kori-kura muka kai shi asibiti. Likita ya buɗe hannun, ya rufe hancinsa, ya tambaye ni kwana nawa. Na ce bakwai. Ya kira ma'aikatan jinya. Sun sa masa ruwa da allurai, sun ce za su gwada. Na kwashe kayana daga gidan, ina wurin Gwaggo a Gama. Can za ka riƙa aiko da takarda.

Ka gode wa Oga Cornelius da maiɗakinsa. Har yanzu kada ka zo.

Mahaifiyarku

*

Gama, Kano
Litinin, 21 ga Afrilu

Yayan Ƙasimu,

Sallama. Sun gwada, bai yiwu ba. Ranar Alhamis likitoci suka yanke hannun daga wuyan hannu, don baƙin ya fara hawa. Ni na sa hannu a takardar. Ba alƙalin da ya taɓa jin sunansa.

Zazzaɓin ya sauka, yana cin abinci. Bai yi kuka ba, bai kuma ce mini komai a kan garejin ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Yau da safe ya ce in rubuta maka tambaya ɗaya. Wannan kwamfutar da kuke shiga kan mota da ita, ana iya aiki da ita da hagu kaɗai? In ana iyawa, ka tambayi Oga ko zai karɓe shi. In ba a iyawa, ya ce kada ka lallashe shi, ka faɗa masa gaskiya.

Yana jiran amsarka a motar Laraba.

Allah ya yi muku albarka, ku biyun.
Zulaiha